Kaska a gona da turke: amsa ga wani manomi daga Gadarif ta ƙasar Sudan

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Ina noman riɗi da dawa a kudu da Gadarif, da kaka ni da yarana a gona muke kwana. A gida kuma muna da tumaki da 'yan shanu. Kwanan baya mun ga kaska a bayan kunnen ƙaramin ɗana, uwarsa ta ciro ta ta murtsuke da farce. Babban ɗana ya duba intanet ya ce akwai wata cuta wai ita Lyme da kaska ke sawa, amma in ba ta kwana a jiki ba babu komai. Haka ne? Kuma yaya za mu kare kanmu, tunda ba barin gona da dabbobi za mu yi ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya raya yaron, ya sa a yi kaka lafiya. Ni likitan dabbobi ne, kaska kuwa ba ranar da ba na cin karo da ita a turke ko a mayanka, don haka ka yi haƙuri amsar za ta yi ɗan tsawo.

Abin da ɗanka ya karanta ba ƙarya ba ne, sai dai don mutanen wata ƙasa aka rubuta shi. An fara lura da cutar Lyme ne a Amurka a shekarun 1970, kuma kaskar da ke yaɗa ta ƙarama ce mai son dazuzzuka masu laima da sanyi na Turai da Amurka. Ita ce ake cewa yawanci sai ta yi kwana ɗaya ko fiye a maƙale kafin ta zuba cutar. Mu a nan ba ita ce damuwarmu ba. In mutum ya ɗauko wancan lissafi na "sai ta kwana" ya ɗora a kan kaskarmu, zai saki jiki a inda bai kamata ba.

Wadda nake so ka sani ita ce wadda kake gani kullum a ƙarƙashin wutsiyar saniya, a hantsa, a tsakanin kofato, da jikin raƙumi. Masana na kiranta Hyalomma. Jikinta ja ne mai duhu, ƙafafunta dogaye, kuma in ka ƙura ido za ka ga zobe-zobe masu haske a gaɓoɓin ƙafar. Kaskar Turai kan hau ciyawa ta miƙa ƙafa tana jiran mai giftawa. Tamu ba ta zaman jira. Laɓewa take yi a tsagar ƙasa, ko gindin kara, ko darewar bangon turke, da ta ji motsi ko numfashin dabba ko ɗumin jiki sai ta fito a guje. Tana da idanu, tana hango mutum daga 'yan taku, kuma an shaida tana bin abin da ta sa a gaba har minti 10, tafiyar da kan kai mita 100. Duk wanda ya taɓa zama a inuwa kusa da mashayar dabbobi ya ga wata 'yar aba ja ta nufo ƙafarsa da sauri, to ita ce. Baƙar ƙasarku ta Gadarif kuwa, da ke darewa da zarar ruwa ya ɗauke, ko'ina maɓoya ce a gare ta.

Abin da ya sa nake jin tsoronta shi ne zazzaɓin nan mai sa zubar jini, wanda ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. An fara bayyana shi a yankin Kirimiya a 1944, aka same shi a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane ashe cuta ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya ɓarke, cikin mutum 100 da ya kwantar, daga 10 zuwa 40 ne ke rasuwa. Babu allurar rigakafin da ake yi wa jama'a a kansa, ba ta mutum, ba ta dabba. Kuma ba labarin nesa ba ne. A 2008 ya ɓulla a garin Al-Fula na Kordofan, wanda ya fara kwanciya mahauci ne, daga gare shi kuma ya kama masu jinyarsa a asibiti. Gwajin jinin shanu da raƙuma a sassa daban-daban na Sudan ya nuna dabbobinmu sun daɗe suna haɗuwa da ƙwayar cutar.

Ba ina nufin kowace kaska na ɗauke da ita ba. Mafi yawan cizo a ƙaiƙayi da ɗan kumburi yake ƙarewa. Sai dai ba wanda zai dubi kaska ya ce wannan mai cuta ce, waccan ba ta da ita. Haka ma dabbar. Rago kan ɗauki ƙwayar a jininsa na kamar mako guda, yana ci yana sha yana tunkuyi, ko ni da nake likitansa ba zan gane komai ba. Saboda haka ƙofar shigar cutar ba cizo kaɗai ba ne. Akwai jinin dabba lokacin yanka da fiɗa, akwai jini da aman wanda ya kamu, akwai kuma jinin da ke cikin kaskar kanta idan aka fashe ta da hannu.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma in ka manta duk sauran abin da zan faɗa, kada ka manta wannan. Ka tuna yadda ake yi da yamma idan an dawo da shanu. Yaro ya tsuguna zai yi tatsa, ya ga kaska ta ƙoshi ta yi suntum a kan nono. Ya kama ta da yatsa biyu ya fizge, ya ɗora a kan dutse ko gefen ƙwarya, ya danna da babban yatsa har ta fashe, baƙin jini ya yi tsartuwa. Ya goge hannun a riga, ya murza ido saboda ƙura, ya ci gaba da tatsa. Cikin yamma ɗaya yana iya fasa goma ko ashirin. Yanzu ka dubi hannun wannan yaro, ko naka da kake yankan riɗi: ga yankan lauje, ga sukar ƙaya, ga gefen farce ya tsage. Fata mai lafiya garkuwa ce, amma hannun mai aikin gona ba ya rasa kafa. Mutum zai shekara kaska ba ta cije shi ba, amma kullum sai ya shafa jinin cikinta a hannunsa da kansa. Wannan ɗabi'a ta fi cizo tayar mini da hankali, domin cizo tsautsayi ne, ita kuwa kullum ake yin ta, ana ma ɗaukar ta kula da dabba.

Uwar yaron ta yi abin da muka taso muka ga iyayenmu na yi, don haka ba abin zargi ba ne, abin gyara ne. Ga lissafin da zai kwantar muku da hankali. Idan ta hanyar cizo ne, ciwon kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, ba ya wuce kwana 9. Idan ta hanyar taɓa jini ne, yawanci kwana 5 zuwa 6, iyakar abin da aka sani kwana 13. To in mako biyu sun cika tun ranar, shi da ita kuma lafiya lau, wannan karon an wuce wurin. In ba su cika ba, a sa musu ido su biyun, ba yaron kaɗai ba.

Sai maganar tufafi. Tunda daga ƙasa take hawowa, daga idon sawu zuwa gwiwa ne wurin tsaro. Jallabiya da silifas sun dace da zafinmu, amma ƙofa ce a buɗe. A gona da turke a sa dogon wando, a cusa bakinsa cikin safa, a sa rufaffen takalmi, in da na roba mai tsawo ya fi. Wanda ba shi da safa ya ɗaure bakin wandon da tsumma ko igiya a kan idon sawu. A cusa riga cikin wando, domin kaskar da ta rasa hanya a ƙafa za ta ci gaba da hawa ta waje har ta sami buɗi a ƙugu. Fararen kaya sun fi, ba don kaska na gudun fari ba, sai don za ka gan ta tana tafiya a kai tun ba ta kai fata ba. Na san da tsakar rana ana yankan riɗi mutum ji yake kamar ya tuɓe komai. In za a sassauta, a sassauta daga sama, ƙafa dai a bar ta a rufe.

Maganin shafawa yana taimakawa ga wanda ya samu. A nemi na korar sauro mai ɗauke da DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ko mai picaridin, a shafa a ƙafa da hannu da wuya, a sake idan gumi ya wanke shi. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, kuma ba a sa wa yara a tafin hannu ko kusa da ido da baki. Akwai kuma permethrin na tufafi, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, wanda ake fesa wa wando da safa da takalmi a waje, a bar su su bushe sarai kafin a sa. Shi ba kora kaɗai yake yi ba, kashewa yake yi, kuma yana jure wanki da dama. Amma dafi ne ga kifi da kyanwa, don haka 'yan'uwanmu masunta na bakin Bahar Azrak da Rahad da Dindir kada su wanke irin waɗannan kaya a kogi. Na san halin da ake ciki tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, abin da ke kanti ba kowa ke iya saye ba, wani wurin ma kantin babu. Shi ya sa ban ɗora amsata a kan magani ba.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya. Kada rashin maganin mutane ya sa a koma ga na wankan dabbobi ko na feshin gona. Akwai masu tsarma shi su shafa a ƙafa, har da masu wanke kan yaro da shi don ƙwarƙwata. Fata na shan wannan magani ya shiga jini, jikin yaro kuwa ba ya ɗauka. Yana kai ga suma, yana kai ga mutuwa.

Wurin zama da wurin kwana sun fi maganin shafawa muhimmanci a ganina. Inuwar da ta fi daɗi a daji, ta aduwa ko bagaruwa kusa da hafiri, wato tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, ko rijiya, ita ce dabbobi ma suka zaɓa tun kafin ka iso, kuma duk inda dabba ke kwanciya nan kaska ke faɗuwa ta zuba ƙwai. In ka ga kashin dabbobi ya taru a gindin itace, ƙasar ta yi laushi da tattaki, ka wuce gaba ko da inuwar can ba ta kai wannan ba. A irin wannan wuri ne kuma ake samun wata kaskar daban, mai laushin baya da tamojin fata, launin ƙasa, wadda ke binne kanta cikin yashi a inda raƙuma da shanu ke hutawa da kuma kasuwannin dabbobi. Ita ba ta maƙalewa kwana da kwanaki. Fitowa take yi ta sha jini cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, ta saki ta koma yashi, kuma tana iya daɗewa ƙwarai ba ta ci komai ba tana nan da ranta. Duba jiki da dare ba ya kama irinta, kariyarta kawai kada a zauna ko a kwanta a wurin.

Idan za ku kafa kambo, wato sansanin kwana, a gona, ku nisanci burtali da tsohon makwancin garke. A share wurin ƙal, a kwana a kan angarib, gadon nan na igiya, ba a ƙasa ba, kada bargo ya riƙa jan ƙasa. A ɗaura gidan sauro mai magani a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Wannan ko ba don kaska ba ya zama dole a ƙasarku, inda ga maleriya ga kala-azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa. Bayan an kwashe amfani makiyaya sun shigo da dabbobi cin kara, gonar da ka sani ba kaska tana iya cika da ita, sai a ƙara kula a lokacin.

Yanzu duba jiki, wanda ba ya cin ko sisi. Yawun kaska na kashe zafin wurin da ta ciza, shi ya sa ba a jin ta. Kuma ba nan take take kafa baki ba, takan yi yawo a jiki tana neman wuri mai ɗumi da laushi, wannan yawon nata kuwa shi ne damarka. Da an tashi aiki, kafin a shiga ɗaki, a kakkaɓe kaya a waje, kada a jibge su a kan gado. In da hali a wanke da ruwan zafi, domin na sanyi ba ya kashe ta. A wajen wanka a bi jiki da tafin hannu a hankali, ana haskawa da tocila ko fitilar waya: tsakanin yatsun ƙafa, bayan gwiwa, matsematsi, al'aura, inda mazagin wando ko ɗaurin zani ke kwanciya, cikin cibiya, hammata, ƙarƙashin mama, wuya, bayan kunne, sannan cikin gashi. Ƙanananta wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, don haka yatsa ya fi ido gane ta. Duk ɗan ƙurjin da ka ji wanda jiya babu shi, ka haska ka gani ko yana da ƙafafu. Baya da ƙeya sai wani ya duba maka, miji da mata su duba juna, babba ya duba ƙanensa. Yara kuwa uwa ta bi fatar kansu da yatsu layi-layi, musamman 'yan mata masu kitso, domin a gindin kitso takan kwana biyu ba a sani ba. A yi haka kowane dare a lokacin aikin gona, da duk ranar da aka shiga turke ko kasuwar dabbobi.

In an same ta a maƙale, a cire ta nan take, amma ba da yatsa ba. A sa hantsaki, a kama ta can ƙasa daf da fata inda bakinta ya shiga, ba cikinta ba. A ja sama a miƙe, a hankali, ba fizga ba murɗawa. Bakin wannan kaska dogo ne, fatar za ta ɗago tare da ita, ka riƙe a haka kada ka saki, za ta bari. In babu hantsaki, a yi zarge da zare mai ƙarfi, a zura shi har gindin bakinta, a tsuke, a ja sama. Hannu kuma a sa shi cikin leda. Kada a zuba mata kananzir ko fetur ko basilin tana jiki, kada a ɗana mata garwashi ko wutar sigari. Duk waɗannan ɓata lokaci ne, kuma kaskar da aka takura tana iya amayo abin da ke cikinta a cikin raunin. Amfanin kananzir bayan an cire ta ne: a ajiye 'yar kwalba mai murfi da kananzir a ciki, ɗaya a gida ɗaya a turke, duk wadda aka cire daga mutum ko dabba a jefa ta ciki. A wanke wurin da hannu da sabulu. In ɗan guntun baki ya saura a fata, kada a tone da allura ko reza, jiki zai fitar da shi da kansa. Sannan a riƙe ranar, ko a rubuta ta a waya.

Wadda ta shiga cikin kunne kuwa, abin da kan faru ga masu kwana a ƙasa kusa da dabbobi, ba aikin gida ba ne. Kada a zura tsinke ko ashana, a kai asibiti. Haka nan in yaro ya wayi gari ƙafafunsa sun saki ba dalili, a bincika kansa da jikinsa tas, domin yawun wasu kaskar na kawo shanyewar jiki da kan warware bayan an cire ta. Ba kasafai ake gani ba, amma a kai shi asibiti ko an samu ko ba a samu ba.

Ka ce kuna da tumaki da shanu a gida, to nan ne tushen. Macen kaska idan ta ƙoshi takan faɗo ƙasa ta shige tsaga ta zuba dubban ƙwai. Wanda ya wanke dabba ya bar turke yadda yake, bayan 'yan makonni zai ga kamar bai yi komai ba. A yaɓe darewar bango, a kwashe taki da tarkace akai-akai, a fesa wa ƙasa da bango magani tare da dabbobin, in da fili a riƙa sauya wurin ɗauri. Turke kuma ya yi nesa da ɗakin kwana gwargwadon yadda gida ya ba da hali. Maganin wankan dabbobi, irin su cypermethrin da deltamethrin da amitraz, a haɗa shi daidai da awon da aka rubuta. Masu tsinka shi da ruwa don ya auku su ne ke koya wa kaska jure magani, har a wayi gari ba ya kashe ta. Amitraz ba a sa wa jaki ko doki, yana ɗaure musu ciki har ya kashe su. A kiyaye kwanakin da aka rubuta na jira kafin a sha nono ko a yanka, mai yin wankan ya rufe hannu da hanci, kwanon maganin kuma kada ya koma na ruwa ko na madara ko an wanke shi sau nawa. Ribar ba ta lafiyar mutane kaɗai ba ce. Kaska ce ke kawo zazzaɓin da ke kashe maruƙa, musamman 'ya'yan shanun waje masu madara, ita ke lalata kan nono, kuma wata irinta mai zane a baya na tafiya tare da kirci. Kajin gida na taimakawa da tsince ta, sai dai a kore su ranar feshi. Karen gida ma a duba shi, yana da tasa kaskar mai hawa bango ta shiga ɗaki.

Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta, a yi mata magani, ta yi kwana 14 kafin a haɗa ta da sauran ko a yanka. Wannan shi ne abin da hukumomin lafiya ke ba da shawara, kuma dalilinsa a fili yake: in ma akwai ƙwayar a jininta, kafin lokacin ta fita, sabuwar kaska kuma ba ta hau ba. Ragon layya da aka sayo ranar jajiberi daga tsakiyar kasuwa aka yanka washegari shi ne ya fi haɗari. Ranar yanka, mai yanka da mai fiɗa su sa safar hannu ko leda, mai rauni a hannu ya bar wa wani, kada a riƙe wuƙa da baki, a binne jini, a hana yara tattaka shi. A lura da fatar da aka feɗe, domin da ta fara hucewa kaskar da ke kanta za ta saki ta bazu neman wani jikin, kuma na kusa shi ne mai fiɗa da yaron da aka ba fatar ya kai waje. Naman da ya ɗan sha iska aka dafa ba shi da matsala. Amma marara, ɗanyar hanta da huhu da tumbi da ake yankawa da albasa da barkono tun dabbar na da ɗumi, ita ce naman a lokacin da ya fi haɗari. Na san daɗinta da matsayinta a ranar biki, duk da haka shawarata a gasa.

In ciwon ya zo, farat ɗaya yake zuwa: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, ido ya yi ja ba ya son haske, tashin zuciya, amai, wani lokaci gudawa. Bayan 'yan kwanaki sai kasala da yawan barci, sannan jini ya fara nunawa, ɗigo-ɗigo ko shaci-shaci a ƙarƙashin fata, haɓo, jini a dasashi, a fitsari ko bayan gida. Kada a jira ganin jini. Farkonsa ba ya rabuwa da maleriya ko dengi ko taifot, kuma likitan da ke ganin masu zazzaɓi tun safe ba zai kawo kaska a ransa ba sai an faɗa masa. Don haka da bakinka ka ce: kaska ta cije shi ranar kaza, ko ya fasa kaska da hannu, ko ya yi fiɗa ranar kaza. Ko gwaji ya nuna maleriya, ka faɗa, domin ana iya haɗa biyu. Kafin a isa asibiti, farasitamol kaɗai za a ba shi, daidai awo, da ruwa mai yawa. Ban da asfirin, ban da ibuprofen, ban da diclofenac, duk suna ƙara zubar jini. Ban da allurar kanti a tsoka, ban da ƙaho, ban da tsaga. A asibiti ana tallafar jiki ne da ƙarin ruwa da ƙarin jini, wasu likitocin kuma na amfani da maganin ribavirin, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun sa'a.

Jinya mutum ɗaya ya yi, ba dangi duka ba. Ya rufe hannu da baki da hanci, kayan da jini ko amai ya taɓa a jiƙa su da ruwan kulorin. In Allah ya yi wa majinyacin rasuwa yana zubar da jini, kada a yi gaggawar wanka irin na kullum. A haɗa liman da ma'aikatan lafiya su tsara yadda za a suturta shi, domin gawar na iya kama mai wanka.

Akwai wani zazzaɓin kaska mai sauƙi a kan wannan, wanda ya fi yawa ma. Alamarsa wurin cizon ya yi baƙin ɓawo da ja kewaye, kaluluwa ta fito a matsematsi ko hammata, ga zazzaɓi da ciwon kai, wani lokaci da ƙuraje, kamar mako guda bayan cizon. Wannan yana jin magani, doxycycline ne likita kan rubuta, sai dai maganin maleriya ba ya taɓa shi, don haka a nuna wa likita ɓawon.

In kana da 'yan'uwa a Makka ko Jidda masu aikin kiwo ko mayanka, musamman lokacin hadaya, ka isar musu da wannan. Can ma an taɓa samun zazzaɓin Kirimiya da Kwango a tsakanin ma'aikatan mayanka, ga kuma wani na daban, zazzaɓin Alkhurma, da aka fara ganowa a Jidda a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ya bayyana a Najran. An sami ƙwayarsa a kaskar raƙumi da kuma waccan mai ɓuya cikin yashi, kuma ana danganta shi da yanka da shan ɗanyar madara. Duk matakan da na lissafa sun shafe su, da ƙarin cewa madarar raƙumi ko ta akuya da ake sayarwa a bakin hanya a tafasa ta kafin a sha.